Buhun Albasar Sufeto

Har yau in na ga buhun albasa a jingine a bakin kasuwa sai na tuna da mutumin nan, kuma har yau ban ji tausayinsa ba. Ya rasu da jimawa. Na je gaisuwa, na yi masa addu'a kamar kowa, amma abin da ya yi mini da abin da na yi masa suna nan daram a raina, kuma nawa ya fi yi mini daɗin tunawa.

Lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Talata Mafara, a shekarun da ruwan dam ɗin Bakolori ya fara bin magudanai yana shiga gonaki. Gari ya cika da baƙi da motocin kamfani. Manoman da katafila ta baje wa gonaki suna ta zaryar neman haƙƙinsu, waɗanda suka samu fili kuma sun duƙufa noman rani. Albasa ta yi yawa har warinta ya zama warin gari, ko rigar Juma'a ka ciro daga akwati sai ka ji ta.

A cikin darasin lissafi akwai yankin da ake kira ƙididdiga. Yawancin malamai tsallake shi suke yi, ko su bari sai ƙarshen zango su karanto wa yara daga littafi. Ni kuwa shi na fi so. Abin da yake ba ni haushi littafin ne, don misalansa duk na wata ƙasa ne, tsawon yaran da ba mu taɓa gani ba da ruwan saman garuruwan da ba mu iya faɗin sunansu. Da muka zo babin da ke koyar da yadda ake ɗibar kaɗan daga abu mai yawa don a san halin dukkansa, sai na rufe littafin na tafi kasuwar Talata na sayo buhun albasa.

Kowa a ƙasarmu ya san buhun kasuwa fuska ake yi masa. Dillali zai zuba ƙanana da matsakaita a ciki, ya jera manya masu sheƙi a baki, ya ɗinke. Ba wanda ke kiran wannan ha'inci. Mai saye ya sani, mai sayarwa ya san ya sani, a kan haka ake ciniki. Na sa yara suka ɗebi albasa daga bakin buhu, muka auna a sikelin ɗakin kimiyya, muka fitar da matsakaicin nauyi muka rubuta a allo. Sannan muka zazzage buhun a tabarma, muka cakuɗa, suka rufe ido suka ɗebo daga ko'ina, muka sake aunawa. Da lissafi na biyu ya fito, bai ko kama ƙafar na farko ba. Aji ya kaure da ihu. Yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suka shiga yi mini bayanin dalili, don kowannensu ɗan manomi ne ko ɗan dillali. Ran nan na koma gida ina jin kaina malami.

A ɗakin malamai akwai wata 'yar mujalla da ke zuwa mana jefi-jefi, ta ƙungiyar masu koyar da ƙididdiga a makarantu, ana buga ta da Turanci a wata jami'a can nesa. Ba mai karanta ta sai ni, sauran fifita suke yi da ita. A bangon baya an rubuta cewa duk malamin da ya gwada wata dabara a aji ta yi kyau, ya rubuto: kwafi biyu, bugun tafireta, a bar fili tsakanin layuka. Na daɗe ina kallon sunayen masu rubutun, ban taɓa ganin na wani daga shiyyarmu ba. Na ce a raina nawa ne zai zama na farko. Ba girma nake nema ba, ba ƙarin matsayi ba. So nake in buɗe takarda bugaggiya in ga sunana da na ubana a ƙarƙashin abin da kaina ya haifa.

Na aro tafiretar ofishin makaranta, na dinga buga ta da yatsa biyu bayan an tashi. Takardar kabon ta ɓata mini riguna, haruffa suna maƙalewa, in na yi kuskure a ƙasan shafi sai in sake shi tun daga sama. Da na gama, shugaban makaranta ya tuna mini cewa ma'aikacin gwamnati ba ya aika rubutu waje sai ta hannun na gaba da shi. Ko ba doka ma, tarbiyyarmu ke nan: ƙarami ba ya tsallake babba, sai ya kai masa ya sa albarka. Babban kuwa shi ne Sufeton lissafi na shiyyarmu, wanda kuma shi ne wakilin mujallar a wajenmu.

Sufeto dogo ne, mai ƙiba, ɗan babban gida, ba a ganinsa sai da babbar riga mai aiki da ƙamshin turare. Rabonsa da riƙe alli tun kafin in shiga sakandare. In ya zo duba mu, kujera ake kai masa bayan aji ya zauna yana gyangyaɗi, in ya farka ya rubuta cewa allon bai goge da kyau ba. Na same shi a zaurensa, na tuɓe takalma, na durƙusa, muka yi gaisuwa mai tsawo har ya tambayi mutanen Bakura ɗaya bayan ɗaya, don ya san can ne garinmu.

Ya ce, "Malam ƙarami, mi kaz zo da shi?"

Na miƙa masa da hannu biyu, kwafin biyu duka. Ya duba shafin farko, ya ɗaga gira. "Albasa? To, madalla. Aje nan in duba. Irin wanga aiki ba a yi mai gaggawa."

Damina ta zo ta wuce. Duk sanda na je gaishe shi na ɗan taɓo zancen, sai ya ce, "Ana nan ana dubawa." Ni kuma in ce Allah ya ƙara girma in tashi.

Wata safiya na shiga ɗakin malamai na tarar da sabuwar mujalla a kan tebur, malamin tarihi ya ɗora kofin shayi a kai. Na zare ta na buɗe. Kan maganar nawa ne, ko harafi ba a canza ba. A ƙarƙashinsa sunan Sufeto ne, da jerin muƙamansa. Na karanta a tsaye, jimlolina ne, har da wani waƙafi da na san na sa shi ba a wurinsa ba. Abu ɗaya ya taɓa. Sakin layin da na yi bayanin fuska, na ce dole buhun ya zama na kasuwa daga hannun dillali, ya cire shi. A madadinsa ya rubuta cewa kowane buhun albasa manya ne a sama, don girgizar mota ce ke turo su. A can ƙarshe, da ƙananan haruffa, marubuci ya gode wa wani matashin malami da ya taimaka wajen ɗaukar buhu.

Wannan layin ne ya kashe ni. Da ya sace ya yi shiru, wataƙila da na haɗiye, don mun saba haɗiyewa. Amma ya sace ya kuma mai da ni ɗan dako, a rubuce, a takardar da za ta je kowace makaranta. Na rufe mujallar na mayar da ita kan tebur. Malamai suna ta cewa Sufeto ya fitar da shiyya kunya, ni kuma na fita bayan aji na tsaya a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro har aka buga ƙararrawa.

Da la'asar na je gidansa. Ban ɗaga murya ba, ba a haife ni a gidan da ake yi ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, na ga aikin ya hito."

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Ka gani ko? Malam ƙarami, sunanka wa yas san shi? In da shi anka aika, kwandon shara za su jefa takardar. Kuma ai na ambace ka. Wancan wuri da kac ce dillalanmu na ɓoye ƙanana ƙasa, na ɗebe shi. Ƙage na, kuma ba mu ɓata mutanenmu gaban baƙi. Kai yaro na, lokacinka na tahe."

Na ce na gode. A hanyar gida na gane wani abu: mutumin nan bai taɓa sayen albasa ba a rayuwarsa. Ta gidansa kyauta take zuwa, a shiga da ita ta ƙofar baya, shi sai dai ya gan ta a miya. Na ajiye wannan a raina ban san ranar amfaninsa ba. Na ci gaba da gaishe shi, har na fi da rusunawa. Matata ta ce na rame. Na ce mata zafi ne.

Ranar ta zo da ƙafarta. Ƙungiyar tana yin taron bita duk shekara, kuma Sufeto ya yi ta kai-komo har aka kawo na bana Mafara, a babban ɗakin taron makarantarmu, a hutun bazara, daidai lokacin da ake cire albasa. Editar mujallar da kanta za ta zo. Kuma al'adar taron ce duk wanda aka buga rubutunsa ya tashi ya gwada darasin a gaban malamai. Sufeto ya aiko a kira ni.

"Malam ƙarami, ka samo mani buhun albasa mai kyau, da sikeli. Kai ka kula da wanga, ni ina da baƙi."

Na ce, "An gama, ranka shi daɗe. Mai kyau."

Ranar Talata ce, kasuwa ta cika, buhuna jere har bakin titi, kowanne da fuskarsa tana sheƙi. Ko wanne na ɗauka darasin zai tafi daidai, Sufeto ya sha tafi. Na wuce su a kan babur ban ko rage gudu ba, na kama hanyar Bakura.

Ina da kawu a can, ƙanen mahaifiyata, yana cikin waɗanda suka samu fili a bakin magudanar ruwa. Na same shi a gona, an tara albasa a inuwar rumfar kara tana shan iska. Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba. Na ce Sufeto ne ke son buhu, za a buɗe shi a gaban manyan baƙi daga nesa, nawa zan bayar?

Kawu ya miƙe tsaye yana kakkaɓe hannu. "Sufeto da kainai? Kai ɗan nan, wa ka sai da ma babba albasa? Kak ka ba ni kunya. Kyauta ta, ba kayan kasuwa ba. Yadda bisa take haka ƙasa za ta zama. Buhun da za a zazzage gaban baƙi, ba ni bari a ishe ƙwaya guda da za a ce wagga hwa?"

Na san haka zai ce, shi ya sa na zo. A wajenmu buhun kyauta ba a yi masa fuska. Wanda ka ba zai zazzage a gidansa, matansa su gani, in aka tarar da ƙanana a ƙasa ka zubar da mutuncinka har jikoki. Kawu ya zauna a gaban tarin ya shiga zaɓe da hannunsa. Ya ɗaga wannan ya juya, ya auna a tafi, ya ajiye, ya ɗauki wata. Wadda ta ɗan gaza ya jefar gefe, wadda ta yi girma fiye da 'yan'uwanta ma ya cire, wai za ta sa sauran su yi kama da ƙanana. Ina zaune a kan kunyar gona ina kallonsa, ruwa yana gudu a magudana, wani sanyi yana sauka a ƙirjina wanda rabona da shi tun ranar da na buɗe mujallar nan. Ya ɗinke bakin da kansa, ya ɗaura mini a bayan babur, ya ce in gaida Sufeto da kyau.

Ranar taro ɗaki ya cika. Malamai daga makarantu na kusa da na nesa, namu na gida da 'yan kudu da Indiyawa biyu-uku da ke koyarwa a shiyyar. Editar wata mata ce 'yar kudu, siririya, mai tabarau, tana zaune a gaba da biro a hannu, ba ta cika murmushi ba. Da aka kira Sufeto, wasu ɗalibai da aka kira taya hidima suka taso za su ɗauko buhun, na ce su bari. Na saɓa shi a kafaɗa da kaina, da farar rigata, na ratsa tsakiyar ɗakin a hankali na dire a gabansa. Tunda an buga a takarda cewa aikina ke nan, na ga ya kamata kowa ya gan ni ina yi.

Sufeto ya gyara hannun riga ya shiga jawabi da Turancinsa mai kauri. Ya ba da labarin yadda tunanin ya zo masa, da yadda ya ga idanun yara sun buɗe a ajinsa. Ya ce yanzu za su ga abin mamaki: na sama za su yi nauyi, in an zazzage kuwa lissafi zai faɗo ƙasa warwas, don haka kowane buhu yake. Ya maimaita, kowane buhu. Ni ina gefe riƙe da sikeli, kaina a sunkuye.

Aka farke baki, malamai suka ɗebo, na auna, wani ya fitar da matsakaici ya rubuta a allo. Sufeto ya ja layi a ƙarƙashi da ƙarfi har alli ya karye. Sannan ya kama gindin buhun da kansa ya zazzage.

Suka gangaro a kan tabarma, jajaye, masu sheƙi, kowace kamar dunƙulen hannun ƙato, ba ka bambanta ɗaya da 'yar'uwarta. Na ga wani dattijon malami daga Bakura ya leƙa, ya kalli na kusa da shi, ya sa hannu ya rufe baki. Sufeto bai lura ba tukuna. Ya sa aka rufe ido aka ɗebo, na auna, aka yi lissafi. Na biyun ya fito daidai da na farko, har ya ɗan ɗara shi da abin da bai taka kara ya karya ba.

Sufeto ya ce a sake. Aka sake, haka. Ya ce sikelin ne. Malamin kimiyya, wanda sikelin nasa ne, ya ce lafiyarsa ƙalau. Gumi ya keto masa, ya jiƙa wuyan rigar mai aiki. Wani Ba'indiye ya ɗaga hannu ya tambaya da zuciya ɗaya, shin darasin yana nufin ɗiba daga sama ba laifi ke nan? Wani ya tuntsire da dariya a baya, ta bazu.

Sufeto ya juyo gare ni, idanunsa sun yi ja, ya manta da Turanci. "Malam, wanga buhu daga ina?"

Na ajiye sikeli, na durƙusa har ƙasa yadda kowa zai gani, na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ranka shi daɗe, kyauta ta daga kawuna na Bakura. Da yaj ji kai na, da hannunai yaz zaɓe maka su ɗaya-ɗaya. Ya ce a gaishe ka."

Duk Bahaushen da ke ɗakin ya gane a take. Kuma duk sun san abin da ya rage masa. Ba a yi wa kyauta ƙorafi, balle wadda aka zaɓe da hannu, balle a gaban jama'a. Ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Madalla. Allah shi saka da alheri."

Na ce, "Amin, ranka shi daɗe." Ban taɓa faɗin amin mai daɗinta ba.

Editar ba ta jin Hausa, sai dattijon nan na Bakura ya matsa ya yi mata bayanin buhun kasuwa da buhun kyauta. Ta saurara, ta cire tabarau, ta tambayi Sufeto a natse wane irin buhu ya yi amfani da shi a ajinsa, kuma wane aji ne. Ya fara magana ya tsaya. Ya sake farawa ya kama tari. Ya dube ni, kallon mai neman a miƙo masa sanda. Na san amsar, jimla ɗaya ce, da na faɗa da ya tsira. Na duƙa na shiga tsince albasa ina mayarwa cikin buhu.

Da aka fita shan ruwa ta same ni a bakin ƙofa. Ta ce ni ne mai ɗaukar buhun da aka gode wa? Na ce ni ne. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce in ina da abin rubutawa in sa a ambulan in aiko mata kai tsaye, mujallarta ba ta san wata doka ta bi ta hannun wani ba.

Kafin a dawo daga hutu takardar canjin wurin aiki ta iso. An mai da ni Maradun, wata makaranta da rabin azuzuwanta ba ƙyaure, wai ana buƙatar gwaninta a can. Abokai suka zo jaje, na ce su mai da shi barka. Muka ɗaure kaya a akori-kura, matata tana ta faɗa a hanya, ni ina kallon ruwan dam yana walƙiya daga nesa ina murmushi ni kaɗai.

A Maradun ba tafireta, sai na dinga zuwa wurin wani mai buga takardun koke a bakin kotu. Na rubuta sabon darasi, na buhu biyu, na kasuwa da na kyauta, da abin da ya sa wanda bai san inda kayansa suka fito ba bai kamata ya yi rantsuwa a kan samansu ba. Na liƙa kan sarki da kaina, na jefa a akwatin gidan waya da kaina. Da mujallar ta zo, na buɗe ta a tsakar gida. Sunana da na ubana, baƙi a kan fari. Na shafa shi da yatsa kamar ƙauye. A can ƙarshe, da ƙananan haruffa, marubuci ya gode wa Sufeton shiyya da ya taimaka wajen zazzage buhu.

Rubutun farko dai yana nan da sunansa a duk inda aka ajiye tsofaffin mujallun, ba wanda ya gyara, kuma ban yafe wannan ba. Amma da albasa ta sake nuna na je Bakura, Kawu ya zaɓa mini wani buhun kamar wancan. Na sa mujallar a leda na ɗinke ta a bakinsa, na ba wani direba da ke zuwa Mafara ya kai gidan Sufeto, ya tabbatar ya miƙa a zaure lokacin da mutane suke zaune.

Da direban ya dawo na tare shi a tasha. Ya ce ya kai, an farke a gabansa, Sufeto ya buɗe takardar ya duba ƙarshenta, ya daɗe bai ɗago ba.

Na ce, "Sai yac ce mi?"

"Ya ce a gaishe ka. Ya gode."

Na saya masa shayi da burodi, na zaunar da shi a benci, na ce ya sake ba ni labarin tun daga sallama.